Zuma a Tuffar Kumatu

Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya tsayuwar asibiti, ya ƙafar da kika ce tana kumbura in kun wuni a ɗakin marasa lafiya? Mu nan ƙalau. Mama tana gaishe ki, bayanta dai yana nan yadda kika bar shi, ta wuni a kan keken ɗinki a shago ta dawo tana cewa wash. Ɗanki Kumatu ya cika wata bakwai, ya fara zama shi kaɗai, sai dai da an yaba masa sai ya kife gefe kamar buhun gari.

Kin ce tunda makarantarku ta karɓe muku waya har a gama jarrabawa, in riƙa rubuto miki komai Baba Direba yana kai miki. To ga komai. Ni da ma rubutun ya fi min sauƙi, kin san bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane.

Kwalaben abincin jarirai da kika bar masa sun ƙare. Abin da Abbansa yake turowa daga aikin jirgin ruwa kuwa madarar gwangwani kaɗai take lashewa. Na je kantin da kika saya, na ɗauki kwalba ɗaya, na ga kuɗin da ke jikinta, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Amma kafin in ajiye na karanta bayanta. Tuffa ce da ruwa, Yaya. Shi ke nan abin da ke ciki.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da tuffa a bakin kasuwa, kusa da mai gyaran takalma. Da yamma takan ware waɗanda suka bugu, masu tabo a gefe, ta zuba a kwali a ƙarƙashin tebur. Sai da na wuce ta gabanta, na dawo, na sake wucewa kafin na iya tambaya. Ta ce tun ɗazu take kallona, ta ɗauka saurayi nake jira. Ji na yi kamar in nutse. Ta cika min leda a kuɗin da ba zai sayi rabin kwalbar kanti ba, ta ce in riƙa zuwa in rana ta yi sanyi.

Ga yadda nake yi, ki gaya min in da gyara. In wanke su, in fere, in yanke tabon da ɗan abin da ke kewaye da shi, in cire 'ya'yan. In zuba a ƙaramar tukunyar nan mai hannu ɗaya da ruwa kaɗan, in rage wuta, in rufe. In sun yi laushi har cokali yana nutsewa, sai in murje su a rariya da bayan ludayi. Kwalaben da kika bari ban zubar ba, nakan tafasa su da murafensu, in kife su a ƙyalle mai tsabta su bushe, in cika su. Maƙwabciyarmu ta ba ni gefe ɗaya a wajen ƙanƙarar firjinta. Tukunyar farko dai ta kama, don na tsaya in ga ko jarumar littafin da nake karantawa za ta buɗe wa mutumin ƙofa. Ba ta buɗe ba, ni kuma na wuni ina kankarar tukunya. Kada ki gaya wa Mama.

Abin da ya dame ni shi ne ba ya so. Wasu suna da ɗan tsami. Da na sa masa a baki sai ya runtse ido ɗaya, ya girgiza kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya turo da harshe. Jiya Hajiya surukarki ta zo ta tarar da mu a haka. Ta ɗanɗana, ta ce wannan ko akuya sai an roƙe ta. Ta matsa cinyarsa ta ce jikanta ya rame, kuma ita da ma ba ta ga dalilin bar wa yarinyar da ba ta gama sakandare ba rainon ɗa ba, ga ɗakinta can a buɗe. Mama kuwa kin san ba ta iya ja da ita. Ni kuma na ɗauke kwalbar na fita.

Bai rame ba, Yaya. Wallahi ninkin cinyarsa yana nan. Me zan ce mata in ta dawo?

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye a bakin famfo, na sake karantawa bayan sallah. Ina lafiya, ƙafa da sauƙi. Ki gaida Mama, ki ce ta riƙa sa matashi a bayanta. Baba Direba ya ce wayarta ta faɗa bokiti tana wajen mai gyara, ke kuma mai rubuta komai kin tsallake wannan.

Tuffarki ta yi, ni kaina dabarar ba ta zo min ba. Abu biyu dai: abin da kika fitar daga ƙanƙara kada ya koma, kuma in cokalinsa ya shiga kwalba, ragowar taki ce, ki shanye. Tsamin kada ya dame ki, ki haɗa masa da nunanniyar ayaba ko dafaffen garin shinkafa. Yaro sai an yi ta ba shi yake karɓa. Littafi kuma ki ajiye shi nesa da wuta, in ba haka ba ran da na dawo zan buɗe shafin ƙarshe in karanta miki da ƙarfi.

Sai maganar Hajiya. Don Allah, Auta, kada ki ja da ita. Saura kaɗan in gama, duk wanda ya bar makaranta a zangon nan sai ya maimaita shekara, kuma kin san da ƙyar ta yarda na taho. In ranta ya ɓaci ta gaya wa ɗanta a mayar da Kumatu wajenta, daga nan ba ni da bakin hanawa. Duk abin da ta ce, ki ce to. Ki ba ta wurin zama, ki kawo mata ruwa, ki bar ta ta ji ita ma tana da hannu a rainon.

Ki ja min kumatun, amma a hankali.

Yayarki


Ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, Mama ta sa matashin, ta ce in gaya wa likitarta ta gode. Wayar har yanzu tana wajen mai gyara, kullum sai gobe.

Albishirinki, Kumatu ya fara cin tuffa. Ci kuwa ba na wasa ba, har cokalin yake riƙewa da hannu biyu.

Maganarki na bi. Hajiya ta dawo ranar Juma'a, na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa. Ta zo da kwalbar zuma da wani ɗan'uwanta mai kiwon zuma ya aiko mata, baƙa-baƙa, har da ɗan kaki a sama. Ta tarar na gama murza babbar tukunya, don tsohuwar nan kwali guda ta haɗa min wannan karon, ta ce gara jariri da bola. Hajiya ta ce in matsa. Ta cika ludayi da zumar ta juye a ciki, ta juya da kanta, ta ce haka ta raini Abbansa da ƙannensa, shi ya sa ba su san ciwon ciki ba. Na ce to.

Da ta ɗebo ta sa masa a baki, sai ya tsaya cak, ya buɗe ido, ya lashe leɓe, ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Hajiya ta yi dariya har da tafa cinya. Ta ce ashe ina da hannun girki, zaƙi ne kawai na rasa. Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata." Ba ta taɓa kirana haka ba. Ta bar min sauran zumar, kuma ba ta sake maganar ɗakinta da ke buɗe ba.

Yanzu da safe tuffa da ayaba, da rana tuffa da shinkafa, kamar yadda kika ce, madararsa kuma a tsakani. Duk kwalaben sun cika, har sai da na ari wasu a wajen maƙwabciya. Kafin in kai su firji na jera su a bakin taga su huce, rana ta bi ta cikinsu suka yi ruwan gwal. Na daɗe ina kallo. Har na ga kaina da ɗan shago mai labule, kwalabe a jere da takarda a jikin kowace, sai wani mutum mai yawan shiru ya shigo da jaririya a kafaɗa yana neman abin da za ta ci, ni kuma in ƙi ɗago kai. Ban kai ga ƙarshen labarin ba ɗanki ya jawo zanina ya goge baki da shi.

Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu. Nan komai ya daidaita.

Taki,
Auta


Ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya, don Alhamis ta zo ta wuce ban ga Baba Direba ba, ban ga amsarki ba. Na je tasha aka ce motarsa ta lalace a hanyar dawowa, tana wani gareji ana neman kayan gyara. Wannan takardar wani direba zan ba wa da yake bi ta wajenku, ya ce zai ajiye a ƙofar makaranta. Mama lafiya. Kumatu ne ban gane masa ba.

Tun farkon mako bai yi kashi ba. Cikinsa ya yi tauri, in na taɓa sai ya murguɗa. Madara yana ja kaɗan ya saki, ya sake kamawa ya saki. Kukan ma ba irin nasa ba ne, kin san yadda yake tara mana maƙwabta, yanzu ƙasa-ƙasa yake yi kamar mage a bayan ƙofa. Jikinsa ba zafi. Mama ta ce haƙori ne, ta ce ke ma haka kika yi. Hajiya ta ce zuma tana sakin ciki, don haka ban da wadda ke cikin tuffar, yanzu har a yatsa take lakatowa ta sa masa. Na ce to.

Kuma Hajiyar ta sauya. Ranar Talata tana nan aka kira wayarta, ta fita baranda. Ban yi niyyar ji ba, amma ina wanke-wanke a bakin ƙofa. Na ji ta ce, "To likita, na ji. Ni za a koya wa raino?" Ta kashe. Ta dawo fuska a ɗaure, ta ce wasu da sun sa farar riga sai su manta wanda ya haifi mijinsu. Tun ranar kullum da safe tana nan, ita ke buɗe kwalba, ita ke ba shi, ni sai dai in wanke cokali. Kirana da ɗiyata ma ta daina.

Ke ce kika kira ta? In ke ce, a kan me? Na yi ta juya abin. Ko ƙarata kika kai don na ce tukunya ta kama? Ko kin ga kwalaben aro ba su da tsabta? Ina tafasa su, wallahi, har yatsana ya tashi. In ni ce na yi ba daidai ba ki gaya min ni, ba zan yi fushi ba.

Jiya na ɗauki littafi na kasa wuce shafi ɗaya. Ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na so in ce a kai shi asibiti, Hajiya ta ɗago ta kalle ni, na fasa. Kin ce kada in ja da ita, ban ja ba. Amma Yaya, ina jin tsoro, kuma ban san na mene ne ba.

Auta


Ranar Talata

Auta,

Lafiyata ƙalau, ki gaida Mama. Yanzu takardarki mai albishir ta iso. Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki karanta.

Kada a sake ba Kumatu zuma. Ko a tuffa, ko a ruwa, ko a yatsa. Yaron da bai shekara ba ba a ba shi zuma, ta kanti ce ko ta ɗan'uwan wa. Wani lokaci akwai ƙwayar cuta a cikinta da ba ta yi wa babba komai, amma a hanjin jariri tana girma ta kashe masa ƙarfin jiki, har numfashi. Dafawa ba ta kashe ta, ƙanƙara ma haka. Ba kowane yaro take kamawa ba, amma na ga wanda ta kama a nan, da na'ura aka riƙa yi masa numfashi. Duk kwalaben nan kada ɗaya ta sake zuwa bakinsa.

Na roƙi wayar ofis. Ta Mama a kashe, Abbansa yana tsakiyar ruwa ba a samunsa. Na kira Hajiya, na yi mata bayani da duk ladabin da na iya, ta kashe min waya. Ban sani ba ko za ta gaya muku.

Da na ce duk abin da ta ce ki ce to, zancen zama da surutunta nake nufi. Ko kusa ban kawo a raina abin da zai shiga cikinsa ba. Ni na rubuta haka, ba laifinki ba ne.

Ki duba shi. In ya daina kashi, in yana sakin nonon kwalba, in kukansa ya yi rauni, in wuyansa ya saki ko fatar idonsa ta sauko, ki ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin. Kada ki jira Mama ta taso, kada ki nemi izinin kowa. Ki ce musu an ba shi zuma.

Na rubuta lambar ofishinmu a ƙasa. In mako ya zagayo ban ji komai ba zan taho, shekarar ta tafi.

Yayarki


Ranar Litinin

Yaya,

Yana numfashi, yana barci a gefena. Na fara da wannan kafin gaisuwa. Ina fata saƙon da na bari a ofishinku ya same ki kafin ki ɗauki jaka.

Takardarki ta Talata sai yau da safe ta shigo hannuna. Baba Direba da kansa ya kawo, a motar haya ya dawo, yana ta ba da haƙuri wai tana cikin aljihun motar duk kwanakin nan. A bakin ƙofa na buɗe. Da na kai wajen da kika lissafa alamun nan, sai na ga uku a ciki ni da hannuna na rubuta miki su ranar Asabar. Mama ta riga ta tafi shago. A ɗaki kuma ina jin ƙarar cokali a jikin kwalba.

Na shiga. Hajiya tana zaune a kan darduma, Kumatu a cinyarta, cokali ya kusa bakinsa. Ban san lokacin da na durƙusa na riƙe hannunta ba. Hannun Hajiya fa, Yaya. Na ce, "Hajiya, ba zai sha ba."

Ta kalli hannuna, ta kalli takardar, ta ce ashe an aiko da umarni. Ta ce in sake ta tun muna mu biyu. Ta ce 'ya'ya shida ta raina da zumar nan, wanne ne ya mutu, kuma yau ɗin nan za ta kwashe kayan jikanta tunda gidan ba a san girman manya ba. Muryata ba ta fita sosai. Na ce ta yi haƙuri, ta yi min duk hukuncin da ta ga dama, amma asibiti zan kai shi yanzu. Na zare cokalin na sa a kwanon wanke-wanke. Na ɗauke shi daga cinyarta. Ba ta riƙe shi ba, wannan kam zan faɗa mata. Na goya shi, na sa kwalba ɗaya da zumar a leda, na fita ko ƙofa ban rufe ba.

Ina bakin titi ina jiran mota na ji takunta a bayana. Ita ta tsayar da motar, ita ta biya.

A asibiti layi har waje. Da ni kaɗai ce a da, da na tsaya a ƙarshe har la'asar. Na wuce kai tsaye wajen nas ɗin da ke rubuta suna, na ce wata bakwai ne, an fi mako ana ba shi zuma, ya daina kashi, yana sakin madara. Ta ajiye biro ta tashi. A littattafaina likita kullum dogo ne mai sanyin murya. Wannan wata gajeriyar mata ce mai mura, tana ta jan hanci. Ta kwantar da shi, ta jawo shi ta hannuwa ta ga ko kansa zai biyo, ya biyo. Ta haska idonsa. Ta sa yatsa a bakinsa da safar hannu, ya kama ya tsotsa har ta ce kai malam. Ta tambayi abin da yake ci, na faɗa mata tun daga kwalin tsohuwa har rariya.

Hajiya ta maimaita mata zancen 'ya'ya shida. Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce gaskiya ne, yara da yawa suna sha su tsira, ita ma kakarta ta ba ta, amma ba wanda ya san wace kwalba ce ke ɗauke da abin, kuma wanda ya kamu ba ya iya ko kuka. Hajiya ta kalli Kumatu. Can ta ce, a hankali, "To shi ya kamu?"

Likitar ta ce a yanzu ba ta ga alama ba. Wuyansa da ƙarfi, tsotsonsa da ƙarfi. Hancinsa ne a toshe, shi ya sa yake sakin madara ya sha iska, cikin kuma dafaffiyar tuffa da ayaba da shinkafa ne suka haɗu suka ɗaure shi. Amma ta ce abin yakan yi makonni kafin ya nuna, don haka ido a kansa har wata guda, da na ga ya yi laushi in dawo ko da wane lokaci ne. Sun riƙe mu har yamma suna dubawa. Sun ɗiga masa ruwan gishiri a hanci, sun ba shi abin da ya saki cikin. A zanin Hajiya ya sauke, duka na kwanakin. Ta tashi ta nemi famfo.

Nas ɗin ce ta ara min waya. Wani mutum ya ɗauka a ofishinku, na ce ya gaya miki an daina, an ga likita, kada ki taho. Sai da ya sa na maimaita don bai ji ni ba.

Hajiya daga asibiti gida ta wuce. Ba ta kwashi kayansa ba, ba ta kuma yi min sallama ba. Da na ba Mama labari ta zauna a bakin gado ta riƙe baki, ta ce hannun nata kika riƙe? Har yanzu ban san ko faɗa ne ba.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Laraba

Auta,

Alhamdu lillahi. Ina lafiya yanzu. Takardarki ta Asabar ce ta fara zuwa, na karanta alamun nan da rubutunki, ban san yadda na haɗa kaya ba. Ina bakin ƙofar makaranta da jaka, mai gadi yana neman takardar izini, mutumin ofis ya biyo ni da gudu. Ya ce wata mai ƙaramar murya ta ce kada in taho. A nan ƙasa na zauna. Ta Litinin kuma jiya ta iso, na karanta wa 'yan ɗakinmu wajen zanin.

Ki ajiye ayaba da shinkafar tukuna, ni na sa ki, likita ta fi ni gaskiya. Ki gwada masa gwanda ko kabewa, ki rage tuffar. Kullum da safe ki jawo shi ta hannuwa ki ga kansa. Na zauna, zan yi jarrabawar, tunda ke ce a wajen.

Hajiya ki bar min, zan rubuta mata da kaina. In ta zo ki gaishe ta kamar kullum. Cokali dai a hannunki.

Yayarki


Ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Kansa yana biyowa kullum, har ya ɗauka wasa ne yana dariya. Muryar ta dawo, maƙwabciya ta ce da ma an bar shi da murar. Gwanda yana ci, kabewa kuma sai da rarrashi. Na koma wajen tsohuwa, ta ware min wasu jajaye da ta ce ba su da tsami, na dafa kaɗan, ba komai a ciki sai ruwa. Ya ɓata fuska amma ya haɗiye.

Kwalaben nan masu zuma suna nan sun cika wa maƙwabciya firji. Zubarwa ta gagare ni, in na tuna yadda na murje su sai hannuna ya ƙi. Na ɗaure su a leda na rubuta BA NA KUMATU BA, ni da Mama muna shafawa a burodi.

Hajiya sai jiya ta zo. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta zauna tana kallo ina ba shi gwanda, hannunta a kan cinya, ba ta miƙo ba. Da ya gama ta karɓe shi, ta kwantar da shi a ƙafafunta, ta jawo shi ta hannuwa kamar yadda likita ta yi, ta ɗauka ban gani ba. Sannan ta tambayi inda na kai waɗancan kwalaben, ko na zubar da zumar mutane. Na ce suna nan. Ta ce in kawo ɗaya da babban cokali.

Na jiƙa ta a ruwan ɗumi na kawo. Ta juya wa Kumatu baya don kada ya gani ya yi kwaɗayi, ta shanye tas har da kankare gindin kwalbar. Ta miƙo min ta ce zaƙin ya yi yawa, wanda ya zuba bai iya awo ba. Na buɗe baki zan ce to, sai na ga gara in yi shiru.

Ta ce in zuba mata sauran a leda ta tafi da su, kada su daɗe a gidan da akwai yaro.

Ƙanwarki,
Auta